Raba Gardamar Albashi da Dogon Kwantiragi a Wasan Besbol na Amurka

Daga ƙarshen watan Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu na kowace shekara, akan keɓe ɗaki a wani otel a jihar Fulorida ko Arizona ta ƙasar Amurka, a zaunar da alƙalai uku. Waɗannan ba alƙalan kotu ba ne, ba kuma alƙalan filin wasa ba ne. Mutane ne da suka ƙware wajen raba gardama tsakanin ma'aikata da iyayen gidansu. A gefe guda ga ɗan wasa da wakilinsa, a ɗaya gefen kuma ga lauyoyin kulob ɗin da yake yi wa wasa. Tun kafin ranar, ɗan wasan ya riga ya rubuta albashin da yake ganin ya cancanta a kakar wasa mai zuwa, kulob shi ma ya rubuta nasa. Aikin alƙalan ɗaya ne rak, watau su ɗauki ɗaya daga cikin adadin nan biyu. Ba su da ikon ƙara ko kwabo, ba su da ikon ragewa, ba su kuma da ikon raba bambancin gida biyu.

Besbol wasa ne na ƙwallo da sanda: wani ya jefo, wani ya doka ya zagaya fili da gudu. Babban rukuninsa yana da kulob 30, guda 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada, kuma kowane kulob kan yi wasa 162 a kaka guda. Amma ba dokokin wasan za a duba a nan ba. Abin da ya sa zancen ya cancanci ɗalibi da ma'aikaci su tsaya a kansa shi ne tambayar da ke ƙarƙashinsa: yaya za a yanke wa gumin mutum farashi alhali mai sayensa ɗaya ne tak? Za a ga cewa a wannan sana'a gwaninta kaɗai ba ta yanke albashi. Abin da ya fi yanke shi shi ne yawan shekarun da mutum ya yi a bakin aiki, domin su ne ke nuna ko yana da ikon cewa a'a ko ba shi da shi.

Asalin turke

A shekarar 1879 masu kulob-kulob suka yi shawara a tsakaninsu cewa kowane kulob ya ware 'yan wasa biyar waɗanda sauran ba za su taya ba. Sannu a hankali sharaɗin ya game kowa da kowa, aka kuma shigar da shi cikin kwantiragin kowane ɗan wasa. Babu sunan da ya dace da shi a Hausa kamar turke. Wanda ya sa hannu ga kulob ya ɗauru ke nan har iyakar ƙarfinsa. Kulob na iya sayar da shi, ko ya yi musanyarsa da wani, ko ya sallame shi. Shi kuwa zaɓinsa biyu ne, ya karɓi abin da aka ba shi ko ya bar sana'ar.

A bisa ƙa'ida, dokar hana babakere a kasuwa da Amurka ta kafa a 1890 ta isa ta tsinke wannan igiya. To amma a 1922 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Oliver Wendell Holmes, ta yanke cewa besbol ba ciniki ba ne tsakanin jiha da jiha, saboda haka dokar ba ta hau kansa ba. Ta sake tabbatar da hukuncin a 1953. Makamin da ya rage wa ɗan wasa shi ne ya ƙi fitowa atisaye har a ƙara masa, kamar yadda majefa biyu na kulob ɗin Dodgers, Sandy Koufax da Don Drysdale, suka haɗa kai suka yi a 1966. Su sun ci riba domin babu kamarsu a lokacin. Talakan ɗan wasa kuwa in ya gwada haka sai a ɗauko wani a gurbinsa.

A wannan shekara ta 1966 ne 'yan wasa suka ɗauko Marvin Miller, masanin tattalin arziki da ya daɗe yana yi wa ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa aiki, ya shugabanci ƙungiyarsu. Miller bai fara da tunkarar turke kai tsaye ba. A yarjejeniyar farko ta 1968 ya sa aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 6,000 zuwa 10,000. A ta 1970 kuma ya samo wani abu da masu kulob ba su ga girmansa ba sai daga baya: idan saɓani ya taso kan fassarar kwantiragi, za a kai shi gaban mai raba gardama wanda ba ya cin albashin kowa daga ɓangarorin biyu shi kaɗai, maimakon gaban kwamishinan wasan, wanda masu kulob ne suka naɗa shi.

Wanda ya tunkari turken gaba da gaba shi ne Curt Flood, baƙar fata, ɗan wasan St. Louis Cardinals. A watan Oktoba na 1969, bayan kaka goma sha biyu a can, aka yi musanyarsa zuwa Filadelfiya ba da shawararsa ba. Ya rubuta wa Kwamishina Bowie Kuhn cewa shi ba haja ba ne da za a saye a sayar, sa'an nan ya kai ƙara, ya bar albashin dala 90,000 a shekara. A 1972 Kotun Ƙoli ta kayar da shi da ƙuri'a biyar a kan uku, ko da yake ta amsa cewa keɓe besbol daga dokar wani baƙon abu ne, ta ce gyaransa aikin majalisa ne. Flood ya yi asarar shari'a da sana'a baki ɗaya, amma bango ya riga ya tsage.

Yadda ake raba gardamar

Bayan yajin aikin kwana 13 da 'yan wasa suka yi a 1972, masu kulob suka nemi abin da za su miƙa wanda zai kwantar da ƙura ba tare da an taɓa turke ba. Abin da suka miƙa a yarjejeniyar 1973 shi ne raba gardamar albashi. Charlie Finley, mai kulob ɗin Oakland, ya yi hamayya da shawarar, ya gargaɗi 'yan'uwansa cewa za ta cinye su. An fara aiki da ita a Fabrairun 1974, kuma wanda ya fara shiga ɗakin shi ne Dick Woodson, majefin Minnesota Twins. Ya yi nasara. Bayan 'yan watanni kulob ya rabu da shi.

Lalle ne a tsaya a kan hikimar hana alƙalai raba bambanci, domin ita ce zuciyar al'amarin. Duk wanda ya saba da kasuwar kara ya san yadda ciniki yake tafiya idan ana sa ran dillali zai raba a tsakiya. Mai sa zai ambaci kuɗin da shi kansa ya san ba za a ba shi ba, mai saye ya taya da abin da ya san za a ce masa albarka, kowa yana ja da baya domin tsakiyar ta faɗo kusa da shi. Watau raba tsakiya lada ne ga mai wuce gona da iri. Amma idan aka ce wa dillali ya ɗauki magana ɗaya ya yar da ɗaya, sai lissafi ya juye. Wanda ya kai kuɗinsa sama ƙwarai ya miƙa wa abokin gardamarsa nasara da hannunsa. Tsoron haka kan tura kowane ɓangare ya matso, idan kuwa suka matso har tazarar ta zama kaɗan, sai su ga babu amfanin ɗaukar lauya, su daidaita a waje. Wani masanin tattalin arziki, Carl Stevens, ya bayyana wannan dabara a rubuce tun 1966. An gina ɗakin ne domin mutane su ji tsoron shigarsa, kuma haka abin yake: mafi yawan waɗanda suka cancanci kai ƙara kowace shekara sukan shirya da kulob ɗinsu kafin ranar zama.

Waɗanda ba su shirya ba, ga yadda zaman yake. Kowane ɓangare yana da awa ɗaya ya kawo hujjarsa, da rabin awa na mayar da martani. An yarda a yi magana kan abin da ɗan wasa ya yi a kakar da ta wuce, da tsawon aikinsa da ɗorewarsa, da albashinsa na baya, da lafiyar jikinsa, da matsayin da kulob ya samu da yawan 'yan kallonsa. An hana ambaton arzikin kulob ko talaucinsa, da tayin da aka yi wa juna a baya, da albashin wasu wasanni. Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce kwatance, watau a ɗauko wani ɗan wasa mai irin aikinsa da irin shekarunsa a ce ga abin da ake biyan wancan. Alƙalai kan ba da hukunci galibi cikin awa 24, ba sa kuma rubuta dalili.

Idan aka ƙidaya shari'o'in da aka yi tun 1974, kulob-kulob sun fi 'yan wasa yawan nasara. Mai gaggawa zai ce ke nan tsarin ya fi yi wa masu kulob amfani. Ba haka ba ne. Adadin da kulob ya rubuta shi kansa ƙari ne a kan albashin bara kusan a kowane lokaci, domin kulob ma yana tsoron ya yi rowar da za ta kayar da shi. Don haka ɗan wasan da ya faɗi yakan fito da fiye da abin da ya shiga da shi. Bugu da ƙari, kwatance kan sa kyautar da mai kulob ɗaya ya yi ta zama bashi a kan sauran. A 1980 Bruce Sutter na Chicago Cubs ya nemi dala 700,000, kulob ya ce 350,000, alƙali ya ba Sutter. A 1983 Fernando Valenzuela, ɗan ƙasar Meziko, ya samu dala miliyan 1 ta wannan hanya. A 2024 Vladimir Guerrero ƙarami ya samu miliyan 19.9. Gargaɗin Finley ya tabbata.

Akwai wani farashi kuma da ba a rubuta shi a takarda. Domin kulob ya ci shari'a, tilas ya zayyana aibin ma'aikacinsa a gaban idonsa. Corbin Burnes, wanda aka zaɓa gwarzon majefa na rukuninsa a 2021, ya shiga ɗakin da Milwaukee Brewers a 2023 a kan dala miliyan 10.75 da miliyan 10.01. Ya faɗi. Da ya fito ya gaya wa 'yan jarida cewa an ɗora masa alhakin gazawar kulob a kakar da ta wuce, kuma zumuncinsu ya sami rauni. Shekara guda bayan haka aka yi musanyarsa zuwa Baltimore. Kulob ya tsira da dala 740,000. Ko ribar ta kai abin da aka ɓata, wannan sai mai hankali ya auna.

Shekara shida

Turken da Kotun Ƙoli ta ƙi tumɓukewa, mai raba gardama ne ya tumɓuke shi. A 1974 Finley ya kasa biyan dala 50,000 da kwantiragin majefinsa Catfish Hunter ya ce a zuba wa kamfanin inshora. Mai raba gardama Peter Seitz ya yanke cewa kwantiragin ya warware. Hunter, wanda albashinsa dala 100,000 ne, ya sa hannu ga Yankees na Niyok a kan fiye da dala miliyan 3 na shekara biyar. A ranar ce kowa ya ga tazarar da ke tsakanin farashin mai turke da na sakakke.

Sa'an nan Andy Messersmith na Dodgers da Dave McNally na Montreal suka shiga kakar 1975 ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba. Takardar ta ce kulob na iya sabunta kwantiragi na shekara ɗaya. Masu kulob suka ce sabuntaccen kwantiragin yana ɗauke da wannan sharaɗi shi ma, saboda haka sabuntawa ba ta da iyaka. Ranar 23 ga Disamba 1975 Seitz ya ce shekara ɗaya shekara ɗaya ce. Nan take masu kulob suka sallame shi, amma kotuna suka tabbatar da hukuncinsa.

Abin lura a nan shi ne Miller bai nemi a saki kowa a kowace shekara ba. Finley ne ma ya kawo wannan shawara, kuma Miller ya ji tsoronta, domin ya san idan haja ta cika kasuwa farashi faɗuwa yake yi. Aka daidaita a 1976 cewa sai bayan shekara shida a babban rukuni mutum zai sami 'yancin kansa. Daga nan rayuwar ɗan wasa ta kasu mataki uku. A shekaru ukun farko kulob ke yanke masa albashi, muddin bai gaza mafi ƙaranci ba, wanda ya kai dala 700,000 a 2022. Daga shekara uku zuwa shida yana da ikon kai ƙara gaban alƙalai, tare da wani kaso na waɗanda suka ɗara shekara biyu. Bayan shida sai kasuwa.

Masu kulob ba su haƙura ba. Daga 1985 zuwa 1987 suka haɗa baki suka ƙi taya 'yan wasan juna, aka kama su, suka biya diyyar dala miliyan 280 a 1990. A 1994 suka nemi a sa wa albashi iyaka a kuma soke raba gardama; 'yan wasa suka yi yajin kwana 232, aka fasa gasar ƙarshe ta shekarar, har sai da Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta ba da umarnin da ya mayar da tsohon tsari a Maris na 1995. Wata dabarar kuma ta fi waɗannan shiru. Shekarar aiki a lissafinsu kwana 172 ce. A 2015 Chicago Cubs suka riƙe Kris Bryant a ƙaramin rukuni har ranar 17 ga Afrilu, ya ƙare kaka da kwana 171. Kwana ɗayan nan ya jinkirta masa 'yanci shekara guda cur. Ya kai ƙara, aka kayar da shi a 2020.

Dogon kwantiragi

Hukuncin alƙalai na shekara ɗaya ne kawai. Wanda yake son ya huta da komawa ɗakin nan, ko kulob ko ɗan wasa, mafitarsa dogon kwantiragi. A besbol irin wannan kwantiragi tabbatacce ne: ko hannu ya karye, ko ƙarfi ya ƙare, sai an biya. Saboda haka abin da ake ciniki a kansa, a haƙiƙa, shi ne wa zai ɗauki nauyin gobe.

Iri biyu ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko shi ne wanda ake yi wa yaro tun yana matakin ƙasa. John Hart na kulob ɗin Cleveland ne ya yi fice da shi a farkon shekarun 1990, sa'ad da ya ɗaure matasansa irin su Carlos Baerga da Sandy Alomar ƙarami kafin su kai ga alƙalai. Kulob kan ce wa yaro: ga kuɗi tabbatacce yau, ka sayar mana da shekarun ƙararka da farkon shekarun 'yancinka. Evan Longoria ya karɓi dala miliyan 17.5 na shekara shida daga Tampa Bay a 2008, bai cika mako guda a babban rukuni ba. Ozzie Albies ya karɓi miliyan 35 na shekara bakwai daga Atlanta a 2019, masu sharhi da yawa suka ce ya sayar da kansa da araha. Suna da gaskiya ta fuskar lissafi. Sai dai mai sharhi ba shi da gwiwar da za ta iya gocewa gobe, kuma ga matashi mai shekara 22 da dangi a bayansa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wani lokaci ma kulob ne ke cin ƙasa: Houston ta ba Jon Singleton miliyan 10 a 2014 kafin ya buga wasa ko ɗaya a babban rukuni, bai kuwa iya riƙe gurbinsa ba.

Iri na biyu shi ne na gwarzon da ya sami 'yanci. A nan ƙarfi yana hannun ɗan wasa, amma akwai wata matsala da tsarin kansa ya haifar. Yawancin 'yan wasa ba sa cika shekara shida sai sun kusanci talatin da haihuwa, lokacin da ganiya take shirin wucewa. Kulob na biyan kuɗin jiya ne yana fatan gobe ta yi kama da ita. Tun farkon 'yancin aka ga haka: Cleveland ta ba Wayne Garland kwantiragin shekara goma a kan dala miliyan 2.3 a 1976, kafaɗarsa ta lalace, aka sallame shi bayan kakar 1981, aka ci gaba da biya. Angels suka ba Albert Pujols miliyan 240 na shekara goma a 2011 yana dab da cika 32, suka sallame shi a shekarar ƙarshe. Washinton ta ba Stephen Strasburg miliyan 245 a ƙarshen 2019. Wasa takwas kacal ya ƙara fara jifa a cikinsu kafin ciwo ya ajiye shi.

Ba wauta ce ke sa masu kulob yin haka ba. Sun san shekarun ƙarshe asara ce, suna ɗaukarsu a matsayin cikon kuɗin shekarun farko. Har ila yau akwai harajin da ake ɗora wa kulob ɗin da jimlar albashinsa ta haura wani ƙayyadadden adadi, kuma da matsakaicin kuɗin shekara ake lissafa shi, saboda haka shimfiɗa kuɗi a kan shekaru masu yawa kan rage haraji. Daga nan sharuɗɗa iri-iri suka tsiro: ikon ɗan wasa ya ƙi a yi musanyarsa, ikon kulob ya ƙara shekara in ya ga dama, da ikon ɗan wasa ya fice a tsakiyar wa'adi, kamar yadda Alex Rodriguez ya fice a 2007 daga kwantiragin miliyan 252 ya sa hannu a wani na miliyan 275.

Sai jinkirta biya. A 2000 Mets suka so su rabu da Bobby Bonilla alhali yana binsu dala miliyan 5.9. Aka daidaita a ajiye bashin da kuɗin ruwa kashi 8 cikin 100, a riƙa ba shi kimanin miliyan 1.19 kowace ranar 1 ga Yuli daga 2011 zuwa 2035. A Disamba 2023 Shohei Ohtani, ɗan Japan, ya sa hannu ga Dodgers a kan miliyan 700 na shekara goma, amma miliyan 2 kaɗai zai riƙa karɓa a shekara. Sauran miliyan 680 sai daga 2034 zuwa 2043. Tun da dalar gobe ba ta kai ta yau daraja ba, masu lissafin haraji suka ƙiyasta kwantiragin a kan kimanin miliyan 46 a shekara, ba 70 ba. Adadin da jarida ta buga da ainihin nauyin da ke kan kulob abu biyu ne daban.

Akwai kuma wanda ya ƙi ƙwai ya jira kazar. A 2022 Washinton ta taya Juan Soto da dala miliyan 440 na shekara 15, ya ce albarka. Aka yi musanyarsa zuwa San Diego, daga can zuwa Yankees, yana karɓar kwantiragin shekara ɗaiɗai, kaka biyu da rabi yana shiga fili da sanin cewa rauni ɗaya ya isa ya rushe lissafin. Abin da ya bambanta shi da Pujols shi ne ya shigo babban rukuni yana da shekara 19, don haka ya cika shidansa yana da 26, ganiyarsa tana gabansa. A Disamba 2024 Mets suka ba shi miliyan 765 na shekara 15.